SA PETER MEDAWAR, MALAMIN DA YA GANO DALILIN DA IDO KE KARƁAR BAƘO

Da wuya a sami wani daga cikin masu karanta wannan jarida wanda bai taɓa ganin mai hakiya ba. Sai ka ga mutum da ƙarfinsa, idonsa biyu a buɗe, amma wani farin tabo ya rufe baƙin idon, yaro na jansa da sanda. Sau da yawa can cikin idon lafiya lau yake. Abin da ya lalace kawai shi ne wata 'yar fata garai-garai wadda ke rufe da baƙin ido, kamar yadda gilashi ke rufe da fuskar agogo. Likitoci na ce da ita koniya, mu kuwa a nan za mu kira ta madubin ido. Faɗin wannan madubi bai cika rabin inci ba, kaurinsa kuwa wajen rabin milimita ne, amma duk hasken da mutum ke gani da shi ta nan yake shiga.

A zamanin yau likita na iya yanke madubin da ya dushe, ya ɗinka wani wanda aka ɗebo daga idon mamaci, mutum ya koma yana gani. Abin mamaki a nan shi ne, in ƙoda ce ko zuciya aka dasa wa mutum, sai an auna jininsa da na mai bayarwa, kuma ya yi ta shan magani muddin ransa don kada jikinsa ya kashe abin da aka dasa. Madubin ido kuwa galibi ba a neman dacewar mai ba da shi da mai karɓa, maganin ɗigawa a ido ya kan wadatar. To, me ya sa jiki ke korar baƙo ko'ina, ya ƙyale shi a ido? In kuwa yana ƙyale shi, me ya sa wani lokaci ya kan juya ya kashe shi? Mutumin da ya buɗe ƙofar amsa waɗannan tambayoyi shi ne Sa Peter Medawar, wanda ba likita ba ne, bai kuma taɓa yi wa idon ɗan Adam aiki ba.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Peter Brian Medawar ran 28 ga watan Fabrairu 1915 a Petropolis, wani gari kusa da birnin Riyo cikin ƙasar Barazil. Ubansa Nicholas mutumin Labanan ne, watau irin fataken nan da muke kira Kwara, fatauci ne kuwa ya kai shi Barazil, inda ya ke sayar da kayan aikin likitocin haƙori. Uwarsa Edith Baturiyar Ingila ce. Tun yana ƙarami aka kai shi Ingila, can ya tashi, can ya yi karatunsa duka.

Cikin 1928 aka sa shi wata makarantar kwana mai suna Marlborough. Bai ji daɗin zamanta ba ko kaɗan, har ya tsufa bai daina kushe ta ba. Amma ya sami abu guda a cikinta wanda ya biya shi wahalarsa, watau malamin ilmin halittu, Dokta Lowndes, mutum mai kaushin hali, wanda ya cusa masa son binciken dabbobi. Malaman makaranta su lura da wannan: cikin malamai da yawa, ɗaya tak ya isa ya juya rayuwar yaro.

Cikin 1932 ya shiga Jami'ar Okasfod, ya karanta ilmin dabbobi a hannun wani malami J. Z. Young, ya fita da daraja ta ɗaya cikin 1935. Daga nan ya yi aiki a ɗakin binciken Howard Florey, wanda daga baya ya shahara wajen fito da maganin fenisilin. A Okasfod ɗin ne ya gamu da wata ɗaliba, Jean Taylor, ya aure ta cikin 1937. Waɗansu danginta sun ƙi auren, don ganin ubansa baƙo ne daga Gabas, amma ta kafe. Suka zauna tare shekara 50, suka haifi 'ya'ya huɗu, biyu maza biyu mata.

ABIN DA AKA SANI KAFIN ZAMANINSA

Kafin mu ci gaba da labarinsa, ya kamata mu koma baya kaɗan mu ga inda maganar dashen madubin ido ta tsaya sa'ad da ya taso.

Tun cikin ƙarni na 19 likitocin Turai da Amurka ke gwada wannan aiki. Cikin 1838 wani likita a Niyok, Richard Kissam, ya dasa wa wani mutum madubin idon alade, bai yi nisa ba ya dushe. Waɗansu suka gwada na zomo, da na waɗansu dabbobi, duk ƙarshensu ɗaya, madubin ya yi fari fat kamar alli.

Nasara ta farko ta zo ran 7 ga watan Disamba 1905, a garin Olomouc, wanda a lokacin ke ƙarƙashin Sarkin Ostiriya, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Cek. Likitan ido na garin, Eduard Zirm, yana da wani majiyyaci lebura, Alois Glogar, mai shekara 45, wanda farar ƙasa mai ƙuna ta fantsamar wa a ido biyu ta makantar da shi. Sai aka kawo wani yaro ɗan shekara 11 wanda ƙarfe ya shige masa ido, ba makawa sai an cire idon, amma madubinsa bai taɓu ba. Zirm ya yanko 'yan da'irori biyu daga madubin yaron, kowace faɗinta milimita 5, ya dasa wa leburan, ɗaya a kowane ido. Ɗaya ta lalace. Ɗayar kuwa ta zauna garau, mutumin ya koma gida yana gani, ya ci gaba da aikinsa.

Bayan Zirm, wani babban likita a Odesa, Vladimir Filatov, ya nuna cikin shekarun 1930 cewa madubin idon mamaci ma yana yi, in an ajiye shi cikin sanyi. Cikin 1944 aka buɗe ma'ajin idanu na farko a Niyok. Ke nan aiki ya riga sani. Likitoci suna dasawa, wani ya kama, wani ya dushe bayan makonni ko watanni, ba wanda ya san ainihin dalili. In ya kama a ce gwanintar likita ce, in ya dushe a ce wuƙa ce ba ta yi kaifi ba, ko ɗinki ne ya saki.

JIRGIN DA YA FAƊI

Cikin shekarun farko na Yaƙin Duniya na Biyu, wata rana wani jirgin saman yaƙi na Ingila ya faɗo kusa da gidan Medawar a Okasfod, wuta ta ci fiye da rabin jikin wani daga cikin mutanen jirgin. Wani likita abokin aikinsa ya roƙe shi ya zo ya duba, ko iliminsa na halittu zai yi wani amfani. Matsalar a fili take. Wanda ya ƙone haka ba shi da sauran fatar da za a yanko a rufe masa ciwon. In kuwa aka ɗauko fatar wani mutum aka ɗora masa, sai ta kama kamar abin kirki, ta yi kwana goma ko mako biyu, sa'an nan ta yi baƙi, ta bushe, ta faɗi. Medawar ya gwada dabaru iri iri na yaɗa 'yar fatar da ta rage, ba wadda ta biya bukata. Amma tambayar ta shiga ransa, ba ta kuwa sake fita ba.

Hukumar binciken magunguna ta Ingila ta aika da shi babban asibitin Gilasgo, sashen masu ƙuna, ya yi aiki tare da wani matashin likita Thomas Gibson. Aka kawo musu wata mace mai shekara 22 wadda ta ƙone ƙwarai. Suka yanko 'yan guntayen fata daga jikinta, da waɗansu daga jikin ɗan'uwanta, suka jera a kan ciwon. Nata suka kama, na ɗan'uwan ma da farko suka kama. Bayan kamar mako biyu suka sake yanko waɗansu daga jikin ɗan'uwan nan suka ɗora. A nan ne suka ga abin da ya buɗe musu ido. Kashi na biyu bai sami ko irin 'yan kwanakin da na farko ya samu ba, jiki ya far masa nan da nan, ya mutu da sauri.

Medawar ya gane ma'anar wannan. Da a ce rashin abinci ne ko kuskuren ɗinki ke kashe fatar, da kashi na biyu ya yi kwanakin da na farko ya yi. Tun da ya mutu da sauri, ashe jiki ya shaida shi ke nan, ya tuna ya taɓa ganinsa. Abin da ke da irin wannan tunawa kuwa a jikin mutum shi ne garkuwar jiki, wadda ke hana wanda ya taɓa yin ƙyanda ya sake yi, wadda kuma saboda ita ake yi wa yara lamba. Suka buga wannan labari cikin 1943.

Amma mace ɗaya ba ta isa hujja ba. Ya koma Okasfod ya tara zomaye, ya yi ta dasa fatar wannan a jikin wancan, ɗaruruwan dashe, shi ke yanka, shi ke ɗaure ciwo, shi ke duba naman a madubin ƙara girma. Cikin 1944 da 1945 ya buga sakamakon. Ya tabbatar zomo ya kan kashe fatar ɗan'uwansa zomo, in aka maimaita daga zomo guda ya kashe ta da sauri, in kuwa daga wani zomo dabam ne sai ya ɗauki lokacinsa kamar na farko. Watau jiki ba baƙi jimla ya ke tunawa ba, kowane baƙo da kamanninsa ya ke riƙe shi. Ya kuma lura da cewa duk inda fata ke mutuwa, fararen ƙwayoyin jini sun yi mata cincirindo.

HANYA BIYU

To, in haka dokar jiki take, ina aka baro leburan Zirm? A nan ne Medawar ya yi gwajin da ya fi shafar maganarmu, ya buga shi cikin 1948, yana shehun malamin ilmin dabbobi a Jami'ar Bamingam, muƙamin da aka ba shi cikin 1947 yana da shekara 32.

Tsakanin madubin ido da baƙin ido akwai wani ɗan sarari cike da ruwa garau, wanda za mu kira zauren ido. Tun cikin 1873 wani likitan Holan, van Dooremaal, ya lura baƙon nama ya kan daɗe a wannan zaure fiye da ko'ina. Medawar ya ɗauki zomayen da ya riga ya sa jikinsu ya shaida fatar wani zomo, ya sake yanko fatar zomon nan ya sa musu a wuri uku: ƙarƙashin fata, da cikin ƙwaƙwalwa, da zauren ido. Ta ƙarƙashin fata ta mutu, ta ƙwaƙwalwa ma ta mutu. Ta zauren ido kuwa sai ta kasu biyu. Wadda jijiyoyin jini suka tsiro suka shige ta, ta mutu. Wadda jijiyoyin jini ba su kai gare ta ba, ta zauna da ranta, alhali kuwa jikin zomon a shirye ya ke ya kashe ta. Game da ƙwaƙwalwa kuma ya ga wani abu: in zomon bai taɓa saduwa da fatar a wani wuri ba, ta kan zauna a ƙwaƙwalwarsa ba tare da ta ta da faɗa ba.

Ga yadda ya fassara abin. Kafin jiki ya kori baƙo sai hanya biyu sun kasance a buɗe. Ta farko ita ce hanyar kai rahoto. Ban da jijiyoyin jini, akwai waɗansu ƙananan magudanai a jiki masu kwashe ruwan nama su kai shi ga 'yan ƙulluttukan nan na wuya da hammata da matsematsi, waɗanda in sun kumbura muke cewa kaluluwa. A nan ne ake duba duk abin da ya shigo, a ga ko na gida ne ko baƙo, a kuma shirya fararen ƙwayoyin da za su yaƙe shi. Ta biyu ita ce hanyar da waɗannan ƙwayoyi za su bi su isa wurin baƙon, watau jijiyoyin jini. Ma'aikatan En'e na dā sun san misalin wannan. In mai unguwa bai kai wa dagaci labari ba, hakimi ba zai san an yi baƙo ba. In kuma labari ya kai, amma ruwa ya yanke hanya, dogarai ba za su isa ba.

Lafiyayyen madubin ido ba shi da ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu. Ba shi da jijiyar jini, ba shi da magudanar ruwan nama, da yana da su da bai zama garau ba. Iskar da ya ke bukata daga hawaye ya ke samunta, abincinsa kuwa daga ruwan zauren ido. Abin da ya sa haske ke ratsa shi, shi ne kuma ya ɓoye shi daga dogaran jiki.

Amma a lura da kyau, ɓoyewa ce, baƙuncin yana nan. Cikin 1948 ɗin nan waɗansu likitocin Faransa, Paufique da abokansa, suka bayyana yadda madubin da ya kama garau ya kan dushe daga baya ba gaira ba dalili, suka ce cuta ce ta dashen kansa. Cikin 1951 wani likitan Amurka, Edward Maumenee, ya dasa wa zomaye madubi, ya bari ya kama, sa'an nan ya dasa musu fatar zomon da ya ba da madubin. Da jiki ya shaida fatar, sai madubin yawancinsu ya dushe. Cikin 1953 kuma Rupert Billingham, almajirin Medawar, da abokin aikinsa Boswell, suka nuna in aka ɗauki madubin ido aka dasa shi a wurin da jini ke gudana, jiki ya kan kashe shi kamar kowane nama. Ashe alfarmar ta mazauni ce, kuma tana da sharaɗi.

TAGWAYEN MARUƘA

Har yanzu cikin 1948, a wani taron masana a Sitokholm, wani mai binciken dabbobin gida, Hugh Donald, ya tambayi Medawar yadda za a rarrabe tagwayen maruƙa na ƙwai ɗaya da na ƙwai biyu. Medawar ya ɗauki abin da sauƙi, ya ce a musanya musu fata kawai, na ƙwai ɗaya za su karɓi ta juna, na ƙwai biyu za su ƙi. Ya yi alkawari zai nuna. Shi da Billingham suka yi ta zirga-zirga zuwa wata gona suna yi wa maruƙa dashe.

Sai abin ya watsa masa ƙasa a ido. Kusan dukan tagwayen suka karɓi fatar juna, har da waɗanda ɗaya namiji ne ɗaya tamace, waɗanda ko makaho ya san ba ƙwai ɗaya ba ne. Wani malamin da sai ya ce shanun ne ba su da kyau, ya rufe littafi. Medawar ya yarda maganarsa ce ta karye, ya shiga neman dalili. Ya tarar cikin 1945 wani Ba'amurke, Ray Owen, ya gano tagwayen maruƙa jininsu na gauraya tun suna ciki, kowane ya girma yana ɗauke da ƙwayoyin jinin ɗan'uwansa. Ya kuma tarar cikin 1949 wani masani na Ostireliya, Macfarlane Burnet, da abokinsa Fenner, sun kawo ra'ayin cewa jiki koyon sanin kansa ya ke yi tun yana ciki, duk abin da ya tarar a wannan lokaci sai ya ɗauke shi na gida.

Cikin 1951 ya koma Jami'ar Landan, ya ɗauri aniyar gwada wannan ra'ayi, shi da Billingham da wani ɗalibi Leslie Brent, wanda shi kansa yana yaro ya zo Ingila gudun hijira daga Jamus. Suka sami ɓeraye iri biyu, masu ruwan ƙasa da farare. Suka yi wa 'ya'yan masu ruwan ƙasa allurar ƙwayoyin jikin farare tun suna cikin uwarsu. Da aka haife su suka girma, aka dasa musu farar fata. Waɗansu daga cikinsu suka karɓa, har farin gashi ya tsiro a bayan ɓera mai ruwan ƙasa. In kuwa aka kawo fatar wani iri na uku, sai su kashe ta kamar kullum. Suka buga wannan cikin 1953. A shekarar nan kuma wani masani a Furag, Milan Hasek, ya kai ga irin wannan sakamako da 'yan tsaki, ba tare da sanin aikinsu ba.

Ba a iya yi wa ɗan Adam irin wannan allura a ciki, Medawar kuwa bai ce a yi ba. Amfanin gwajin shi ne ya nuna katangar da ke tsakanin jiki da jiki ana iya ƙetare ta, alhali manyan likitoci da yawa sun ɗauka har abada ba za a iya ba. Wannan ya ƙarfafa zukatan masu neman dasa ƙoda da sauran gaɓoɓi. Cikin 1960 aka ba shi kyautar Nobel tare da Burnet. Ya raba kuɗin da Billingham da Brent, don a ganinsa aikin na su uku ne. Cikin 1962 aka naɗa shi shugaban babbar ma'aikatar binciken magunguna ta Ingila wadda a lokacin take Mill Hill, cikin 1965 kuma Sarauniya ta ba shi lambar Sa.

AMFANIN AIKINSA GA MASU HAKIYA

Waɗanda suka biyo bayansa sun tarar maganarsa gaskiya ce, amma da saura. Ido ba ɓuya kaɗai ya ke yi ba, yana kuma lallashi. Cikin shekarun 1970 Wayne Streilein da Henry Kaplan suka nuna baƙon abin da aka sa a zauren ido labarinsa ya kan kai ga saifa, daga can kuma a fito da waɗansu ƙwayoyi masu hana faɗa. An gano ruwan zauren ido na ɗauke da sinadarai masu kwantar da fararen ƙwayoyin jini. Cikin 1995 aka gano fuskar naman ido na da wata alama wadda in ƙwayar faɗa ta taɓa ta sai ita ƙwayar ta mutu. Cikin 2006 kuma aka gano sinadarin da madubi ke fitarwa don hana jijiyoyin jini tsirowa cikinsa. Hikimar abin a fili take: kumburin da zai warkar da ciwo a hannu, in ya auku a ido makanta zai bari.

Daga nan ne likitocin ido suka sami ma'aunin da suke aiki da shi. In madubin majiyyaci ya lalace amma ba jijiyar jini cikinsa, kamar 9 cikin 10 na irin wannan dashe su kan kai shekara garau. In kuwa ƙuna ce, ko gyambo, ko wata cuta mai daɗewa ta sa jijiyoyi suka mamaye shi, ko an taɓa yin dashe ya lalace, to, hanyoyin nan biyu sun buɗe, sau da yawa rabi ko fiye su kan lalace. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, gama hakiyar da ta fi yawa a ƙasashenmu irin ta biyu ce, wadda amosanin ido, da ƙyanda tare da ƙarancin abinci mai gina ido, da tsiyaya magunguna masu zafi a ido ke haddasawa. Saboda haka tsare idon yaro tun bai yi tabo ba ya fi dogara ga dashe nesa ba kusa ba.

Wurin da faɗan ya fi muni shi ne wani shimfiɗi ɗaya na ƙwayoyi a bayan madubin, wanda aikinsa tsotse ruwa ne don madubi ya zauna garau. A jikin ɗan Adam waɗannan ƙwayoyi in sun mutu ba su sake haihuwa. Cikin 1969 wani likita mutumin Iran, Ali Khodadoust, da abokinsa Silverstein, suka bayyana yadda fararen ƙwayoyin jini ke jeruwa sahu guda suna ci gaba a kan wannan shimfiɗi, bayansu madubi na dushewa. Har yau da sunansa ake kiran wannan layi. Alamun da majiyyaci zai ji huɗu ne: jan ido, da ƙin haske, da raguwar gani, da zafi. In ya gaggauta zuwa asibiti, sau da yawa a kan kashe wutar da maganin ɗigawa na dangin kotizon. A nan ma akwai hannun Medawar, gama shi da Billingham da Krohn ne suka nuna cikin 1951 cewa kotizon na tsawaita ran fatar da aka dasa wa zomo. Tun daga wajen 2006 kuma likitoci sun iya dasa wannan shimfiɗi na baya shi kaɗai, ba tare da sauran madubin ba, ƙin karɓa kuwa ya ragu ƙwarai, don baƙon ya ƙanƙance.

Wani ƙidaya da aka yi na shekarar 2012 ya nuna an yi dashen madubin ido wajen 185,000 a ƙasashe 116, amma masu jira sun kai miliyan 12 da ɗoriya, watau madubi ɗaya ga mutum 70. Ke nan abin da ya fi tare hanya ba ƙin jiki ba ne, ƙarancin masu bayarwa ne.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Cikin watan Satumba 1969, yana da shekara 54, yana shugaban taron shekara na masanan Ingila, yana tsaye yana karatu gaban jama'a a babbar majami'ar Exeter, sai jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. Ya tashi hannunsa da ƙafarsa na hagu sun shanye, rabin ganinsa ta wajen hagu ya tafi. Mutum ne dogo ƙwarai, mai kuzari, mai son wasan kurket da kiɗa, sai ga shi sai an tallafe shi. Cikin 1971 ya sauka daga shugabanci, amma bai bar aiki ba. Ya koma wani ɗakin bincike ƙarami ya shiga nazarin ciwon daji, ya kuma dage da rubuce-rubuce, matarsa Jean na taimakonsa, har waɗansu littattafan tare suka wallafa su. Cikin 1979 ya fitar da littafin nasiha ga matasa masu shiga aikin bincike, cikin 1986 kuma ya rubuta tarihin kansa. Ciwon ya sake bugunsa fiye da sau ɗaya, bai daina barkwanci ba, bai kuma daina aiki ba. Ya mutu a Landan ran 2 ga watan Oktoba 1987, yana da shekara 72, aka binne shi a ƙauyen Alfriston, kudancin Ingila.

Zirm ya buɗe idon mutum ɗaya bai san dalilin da ya sa ɗayan idon ya ƙi ba. Medawar bai buɗe idon kowa da hannunsa ba, amma saboda zomayensa ne likitan yau ke duba idon mai hakiya ya ƙirga jijiyoyin da suka shiga madubin, ya faɗa masa gaskiyar abin da zai sa rai da shi, ya kuma gargaɗe shi ranar da ido ya yi ja kada ya kwana a gida.